Malama Matsa da Kunkurun Shiru

A makarantar ba wanda ke kiranta da sunanta na gaskiya. A gabanta Malama ce, a bayan idonta kuma Malama Matsa. Ta san da sunan, don yara ba su iya ɓoye irin wannan ba. Da ta ga ɗalibi ya tsaya yana zare ido a gaban kwamfuta, sai ta dafa bayan kujerarsa ta ce, "Matsa in gani." Kafin ya gama matsawa yatsunta sun hau madannai, kafin ya gane abin da ya lalace har an gyara.

Halin nan ba a makaranta ta same shi ba, da shi ta tashi. Ita ce 'yar fari, ƙanne reras a bayanta. Mahaifiyarsu nas ce, asibiti ya fi gida ganinta, mahaifinsu kuma tela ne, kullum yana duƙe kan keke. Don haka ita ke ɗaure wa wannan igiyar takalmi, ta taje wa waccan kai, ta duba aikin gida na kowa. In ƙaninta ya daɗe yana cizon fensir a kan lissafi, sai ta fizge littafin ta yi masa, don a gama a tashi. Autansu har ya yi gemu bai iya goge rigarsa ba. Baba kan ɗago daga keken ɗinki ya ce, "Ke kam da ana yi wa mutum numfashi, da kin hutar da ƙannenki." Kowa ya yi dariya, har da ita, don a lokacin yabo ta ɗauke shi.

Ta karanci kimiyyar kwamfuta, ta nemi aiki a kamfanoni ba a dace ba, ta karɓi koyarwa a wata sakandare da niyyar riƙewa kafin wani abu ya samu. Sai ga shi aikin ya shiga ranta. Ta yi aure da wani ma'aikacin gidan ruwa, mutum mai sanyin hali wanda tun a watan farko ya haƙura da saka ƙwan lantarki in tana gida. Suka haifi 'ya'ya, Baba ya tsufa ya ajiye keke ya dawo wurinsu da zama bayan rasuwar mahaifiyarta.

Wata shekara aka kawo wa makarantar kwalaye na kayan haɗa mutum-mutumi, shugaban makaranta ya ɗora mata ƙungiyar. Aka ba su wani tsohon ɗakin ajiya a bayan ɗakin gwaje-gwaje, mai taga ɗaya da fanka mai kuka, da kwamfutoci da suka ga jiya. Abin da ake kira mutum-mutumin ma bai yi kama da mutum ba: ɗan keke ne mai taya biyu, girmansa bai wuce tafin hannu biyu ba, da batir a gadon baya da wasu 'yan idanu a ƙarƙashin cikinsa. Aikinsa ya bi baƙin layin da aka manna da salatif a kan farin katako. Yara suka sa masa suna Kunkuru.

Maganar gaskiya, ta iya koyarwa. Ranar farko ba ta bari an kunna kwamfuta ba. Ta kira Dogo, wanda ya fi kowa tsawo a ajin, ta ɗaure masa ido da ɗankwali.

"Daga yanzu kai ne na'ura," ta ce. "Ba ka san komai ba sai abin da aka faɗa maka. To, ku kai shi bakin ƙofa."

Wani yaro da ake kira Rediyo, saboda bakinsa ba ya hutawa, ya yi tsalle ya ce, "Dogo, je ka ƙofa!"

"Mene ne ƙofa?" in ji Malama. "Na'ura ba ta san ƙofa ba. Ta san gaba, ta san hagu, ta san dama, ta san tsaya."

Rediyo ya ce gaba, ya manta bai ce tsaya ba, Dogo kuwa ya yi ta tafiya har ya rungumi kabad. Ɗakin ya ruɗe da dariya. Daga nan ta shiga nuna musu yadda ake rubuta wa na'ura umarni: idan idon hagu ya ga baƙi, karkata hagu, idan na dama ne, karkata dama, a maimaita, a maimaita, har a ƙare. Suna fahimta. Matsalar tana zuwa ne in jan rubutu ya fito a allon kwamfuta, alamar an yi kuskure. Malama ba ta iya tsayawa ta ga yaro yana lalube. Jikinta har tsuma yake.

Mutum ɗaya ce ba ta matsawa. Wata yarinya ce siririya da ke zama a kwamfutar kusa da taga, 'yar wani bakanike. Tana da i'ina, kalma kan maƙale mata a maƙogwaro har ta runtse ido, shi ya sa ta zaɓi yin shiru, har Shiru ya zama sunanta. Ranar da Malama ta fara dafa kujerarta, yarinyar ta riƙe gefen tebur ta ce, "Ma-Malama, bari in ƙa-ƙara gwadawa." Malama ta yi mamaki, ta ja da baya. Yarinyar ta ɓata kusan rabin darasin tana neman wani waƙafi da ya ɓace, amma ta gano shi da kanta. Wata rana ta taɓa gaya wa Malama dalilin da ya sa take son kwamfuta: ita kaɗai ce ba ta ƙarasa mata magana.

Da aka sanar da gasar makarantu, Malama ta zaɓi uku. Dogo ya riƙe haɗa ƙarafa da wayoyi, Rediyo ya riƙe bayani, Shiru kuma ta riƙe rubuta umarni. Wata da watanni yarinyar tana kai. Rubutunta dogo ne, ya yi ta zagaye, abin da za a faɗa a layi ɗaya sai ta faɗe shi a goma. Ta sa wa sassansa sunaye irin nata: hagu kaɗan, hagu sosai, ya ɓata, nemo hanya. Kunkuru yana tafiya yana tangal-tangal kamar yaron da ke koyon tafiya, ya leƙa nan ya leƙa can, wani lokaci ya sauka daga layi ya yi ta juyi har ya samo shi. Amma yawanci yana kaiwa ƙarshe. Duk ranar da ya kai, Shiru kan rufe baki da hannu tana dariya.

Ana saura mako guda gasa, wani malami ya nuna wa Malama bidiyon mutum-mutumin wata makaranta a wayarsa. Nasu yana sulalewa a kan layi kamar an shafa masa mai. A ranar kuma shugaban makaranta ya tare ta a baranda ya ce, "Malama, duk mun zuba miki ido fa." Ta koma gida da abin a ranta. Ta yi ta hango Shiru a gaban jama'a, Kunkuru yana juyi, mutane suna dariya. Ta gaya wa kanta tausayin yarinyar take ji, kuma akwai tausayin, sai dai ba shi kaɗai ba ne.

Ranar Asabar da hantsi ta je makaranta don ta sa batura a caji. Tana jira sai ta kunna kwamfutar kusa da taga, wai ta ɗan duba kawai. Ta gyara layi ɗaya. Gyaran ya nuna mata wani. Ta ga ai akwai wata dabarar lissafi da ke sa na'ura ta daidaita kanta tun kafin ta karkace, dabarar da ba ta koya musu ba tukuna. Ta share nan, ta ƙara can, tana jin daɗin da ta daɗe ba ta ji ba. Sai da mai gadi ya zo yana kaɗa makullai ta ɗago. Babu sauran hagu kaɗan, babu ya ɓata. Ta adana sabon a kan tsohon, ta kashe kwamfuta ta tafi.

Ranar Litinin Kunkuru ya zagaye katakon ba ko gargada. Rediyo ya hau kujera yana ihu, Dogo ya ɗaga na'urar sama kamar kofi. Shiru kuwa ta zauna ta daɗe tana kallon allo, tana jan rubutun sama da ƙasa.

"Na ɗan share masa hanya ne," in ji Malama, tana tattara wayoyi ba tare da ta dube ta ba. "Naki ne dai. Zan yi miki bayani."

Ta yi niyyar yin bayanin. Amma ga neman mota, ga izinin iyaye, ga taya ɗaya da ta tsage, mako ya ƙare.

An yi gasar a wani babban zaure mai amsa kuwwa. Aka ja igiya tsakanin 'yan kallo da filin, malamai duk a bayan igiya. Mahaifin Shiru ya rufe garejinsa ya zo, sanye da riga mai karin guga, faratansa ya kankare su iya ƙoƙarinsa amma baƙin mai bai fita duka ba. Ya gaida Malama da ladabi ya tsaya can gefe.

Kunkuru ya fi kowa gudu. Zauren ya ɗauki tafi, shugaban makaranta ya juyo ya yi wa Malama jinjina, ita kuma zuciyarta fari ƙal. Sai babbar alƙaliyar gasa, wata dattijuwa mai gilashi rataye a wuya, ta ɗauki makirufo ta ce saura mataki na ƙarshe. Kowace ƙungiya za ta yi ɗan canji a rubutunta a gaban alƙalai: a sa na'ura ta tsaya in ta iske layin da ya gitta hanya. Abu ne mai sauƙi, in ji ta, ga wanda ya san aikinsa.

Da tsohon rubutun ne, da Shiru ta yi shi ido rufe.

Aka haska allon kwamfutarsu a jikin bango, kowa yana gani. Shiru ta zauna. Ta ja rubutun ƙasa, ta dawo da shi sama. Ta ɗora yatsu a madannai ta ɗauke. Dogo ya sunkuyar da kai. Rediyo, wanda ba a taɓa ganin bakinsa a rufe ba, ya yi tsit. Dattijuwar ta sa gilashinta ta karanta abin da ke bango, ta daɗe tana karantawa, sannan ta sunkuya kusa da yarinyar. Ta sassauta murya, amma makirufon yana hannunta.

"'Yata, wa ya rubuta wannan?"

Shiru ta ɗago. Ba ta dubi inda Malama take ba, ko sau ɗaya. Ta runtse ido, zauren duka yana jira.

"N-n-ni ce."

"To, gaya mini abin da wannan layin yake yi."

Yarinyar ta buɗe baki, kalma ta ƙi fita. Wani a baya ya ce, "Daga intanet suka kwaso." Wani ya yi dariya. Tsakanin Malama da teburin alƙalai ba nisa, igiya ce kawai wadda ko yaro zai tsallake. Maganar ma tana bakinta: ni ce, ba ita ba. Ta dubi shugaban makaranta, ta dubi sauran malamai da ta sani tun suna ɗalibai tare. Ta riƙe igiyar da hannu biyu, ba ta ce komai ba. Aka soke sakamakonsu.

A bakin zauren bakaniken ya same ta. Ya cire hularsa yana murza ta.

"Malama, ki yi haƙuri," ya ce. "Duk wahalar da kika sha a kanta, ta zo ta ba ki kunya. Ban san ta da ɗaukar abin wani ba. Zan yi mata magana."

"Ba komai," in ji Malama. Abin da ya fito daga bakinta ke nan, ba komai.

A gida ta kasa cin abinci, ta shiga wanke kwanukan da aka riga aka wanke. Mijinta ya tsaya a ƙofar kicin ya tambaye ta, ta ce kanta ke ciwo. Sai washegari, yana shirin fita aiki, ta gaya masa duka. Bai yi mata faɗa ba, da ma ya yi. Ya zauna a bakin gado da takalmi ɗaya a ƙafa ya ce, "Yanzu uban yana can yana zaton 'yarsa ɓarauniya ce?" Ta gyaɗa kai.

Ta fara zuwa wurin shugaban makaranta. Ya saurare ta yana jujjuya biro, sannan ya ce magana ta riga ta wuce, tayar da ita sunan makaranta zai ɓata, yara kuma suna da saurin mantuwa. Ta fito da izinin yin shiru a hannunta, ta kuma yi amfani da shi har kwanaki. Kujerar kusa da taga ta zauna ba kowa. In sun haɗu a baranda Shiru kan rusuna ta gaishe ta yadda ta saba, gaisuwar kuwa ta fi zagi ciwo.

Ranar da ta kasa jurewa, bayan an tashi, ta nemi garejin. Yana can ƙarshen wani layi, tsakanin mai faci da mai walda. Bakaniken ya fito daga ƙarƙashin wata mota, ya goge benci da tsumma ya ce ta zauna. Ba ta zauna ba. A tsaye ta faɗa masa cewa ita ta share aikin 'yarsa ta sa nata, yarinyar ba ta ɗauki abin kowa ba, ƙarya ta yi don ta rufa wa malamarta asiri.

Mutumin ya daɗe yana goge hannun da ya riga ya goge.

"Na karɓe wayarta," ya ce a hankali. "Na faɗa mata maganganu a gaban ƙannenta. Ba ta ce mini uffan ba." Ya dubi ƙasa. "To, Malama. To."

Ya aika aka kira yarinyar daga gida, don ba nisa. Ta zo da kumfar wanki a hannu. Malama ta ba ta haƙuri a gaban mahaifinta, makanikai suna satar kallo. Shiru ta saurara har ƙarshe, sannan ta tambayi abu ɗaya.

"Ma-Malama, nawa yana ina?"

Malama ba ta gane ba da farko.

"Wa-wanda na rubuta. Ina so in ajiye."

A nan ne Malama ta ji da ma ƙasa ta tsage. Ba ta ajiye kwafi ba. Ita da ke gaya musu kullum kada a taɓa aiki sai an ajiye kwafinsa, ba ta ga rubutun yarinyar ya kai a ajiye shi ba. Ta faɗi gaskiya. Shiru ta gyaɗa kai, ta ce ba komai, ta koma ga wankinta.

Malama ta rubuta wa masu shirya gasar ta bayyana abin da ya faru, ba da sanin shugaban makaranta ba. Suka amsa da godiya, suka dakatar da ita daga kawo ɗalibai na shekara mai zuwa, maganar kuma ta zagaya ɗakin malamai. Ta tara 'yan ƙungiyar ta gaya musu da bakinta. Dogo da Rediyo suka ci gaba da zuwa. Shiru ba ta dawo ba. Malama ta aika mata, ta tare ta a hanya, ta ce za su sake rubutawa tare daga farko. Yarinyar ta ce jarrabawa ta matso, kuma gaskiya ne ta matso. Ta gama makaranta da sakamako mai kyau ta tafi.

Malama ba ta bar koyarwa ba, ba ta kuma bar ƙungiyar ba. Ɗalibanta na baya sun je gasa sau da yawa, ba su taɓa zuwa na ɗaya ba, amma duk canjin da alƙalai suka nema suna yi. Wasu daga cikinsu yanzu da wannan sana'ar suke ci, suna kiranta a waya su gaishe ta. In ana yabonta a taro takan sunkuyar da kai, mutane su ce kawaici ne.

Bayan shekaru, idanun Baba suka fara hazo, ta kai shi asibitin ido. Suka zauna a layi har aka kira su wani ɗaki mai duhu-duhu inda ake ɗaukar hoton cikin ido. Ma'aikaciyar da ke kula da na'urar ta juyo, siririya cikin farar riga, ta tsaya.

"Ma-Malama! Ina wuni?"

Shiru ce. Ta rusuna kamar da. Ta kama hannun Baba ta zaunar da shi, ta gyara masa haɓa a kan na'ura, tana lallaɓa shi har ya daina ƙifta ido. I'inar ta ragu sosai. Ta ce ta yi aure, mahaifinta yana nan lafiya, ya bar wa ƙaninta garejin. Malama tana tsaye da jakar Baba a hannu, tana neman abin faɗa. Da za su fita ta kasa haƙura.

"Kina taɓa rubuta wa kwamfuta umarni kuwa? Ko don nishaɗi?"

"A'a, Malama," in ji ta, da murmushi, ba alamar ƙullaci a fuskarta. "Ban sake ba." Ta miƙo takardar Baba, ta nuna musu ƙofar likita, ta kira na gaba.

Sun fito bakin titi, maganin da aka ɗiga wa Baba ya sa hasken rana yana damunsa, ya kare fuska da hannu.

"Ɗalibarki ce wannan?" ya tambaya. "Kai, yarinya mai hankali, ga sanin aiki. Allah ya yi miki albarka, kin iya tarbiyya."

Motoci suna ta wucewa, Malama ta riƙe gwiwar hannunsa suka tsaya har hanya ta yi sauƙi, sannan suka tsallaka a hankali.